Ƙyallen Inna a Hanyar Shagari

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, mu uku a tsohuwar motar Baba: ni a sitiyari, Baba a gefena, yayana a baya da ledojin tsaraba a kan cinya. Ƙauyenmu za mu, can bayan Mandera a ƙasar Shagari, duba Gwaggo, yayar Baba, wadda ta kwanta ciwo tun farkon damina. Masu bibiyar tafiye-tafiyena sun san ni da son nisa. Wannan kuwa tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba in mota lafiya take. Mu sai da muka ci awa takwas a hanya, kuma ban taɓa yin wadda ta zauna mini a rai kamarta ba.

Bari in fara da dalilin da ya sa muka ɗauki wannan mota, alhali yayana yana da sabuwa mai sanyi. Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana jigilar fasinja a wannan hanya. Babu tashar da ba a san shi ba, kuma da yawa daga direbobin da ke tashe yanzu a hannunsa suka koya. Shekara uku da suka wuce Inna, mahaifiyarmu, ta rasu. Bayanta ba da daɗewa ba ciwon idon da yake fama da shi ya ƙarasa, likitoci suka ce ba irin mai gyaruwa ba ne. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Tun daga nan Baba bai sake wuce masallacin layinmu ba. Mutumin da in ya fara hirar mota sai abinci ya huce, ya koma in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Da ciwon Gwaggo ya yi tsanani, ta aiko a ce wa Auta ya zo. Haka take kiransa, tsoho mai shekara saba'in da furfura har gira. An kai mata waya kunne, ta ture, ta ce ita ba ta hira da wanda ba ta riƙe hannunsa ba. Sati biyu muna lallashin Baba. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: a motarsa za shi. Ba zai shiga tasha a ja shi da hannu a gaban yaran da ya koya wa tuƙi ba, ba kuma zai shiga motar da sai an nuna masa inda marfi yake ba. Tasa ya san ta ciki da bai, ba ya buƙatar ido a cikinta.

Tuƙin ya faɗo kaina ne saboda yayana ya daɗe da motar da ke canja giya da kanta, ƙafarsa ta hagu ta manta aikinta. Ni kuwa a wannan motar Baba ya koya mini, ina budurwa, a filin bayan gari, yana dariyar yadda nake sakin kuloci. Don haka na ɗauki shirin da gaske. Na sa aka kawo sabon batir, aka juye baƙin mai, aka duba tayoyi. Ranar jajibirin tafiyar kuma na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba: na kai ta wurin masu wanki, na ce su wanke ta har cikin inji, da famfon nan nasu mai feshi da ƙarfi. Na san dokar Baba sarai, cewa injinsa ba a sa masa ruwa, tsumma da kananzir kawai. Na ɗauka camfin tsofaffin direbobi ne. So nake mutanen ƙauye su ga mahaifina ya sauko daga mota mai ƙyalli.

Da na tada ta da asubar nan, ta tashi a bugu ɗaya, amma silonta bai kwanta ba. Silo shi ne yadda inji ke juyawa shi kaɗai in ba a taka totur ba. Na motar Baba da can lumus yake, ana iya ajiye kofin shayi a kan bonet. Yau sai kakkarwa take, sandar giya tana rawa a tafin hannuna, ƙarar tana hawa tana sauka. Yayana ya ce sanyin safiya ne, in ta ɗau zafi za ta daina. Na saci kallon Baba. Ya karkata kai gefe ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya mayar da hankali kan carbinsa.

Hanyar Boɗinga a wannan lokaci abin kallo ce. Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsawo ya fara fitar da kai, dawa na biye da shi, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashi. Duk kwarin da ka leƙa ruwa ne kwance da balbelu a bakinsa. Mata da ƙoren nono a ka suna bin gefen kwalta a jere, masu babura sun ɗaure buhuna har ba a ganin direba sai ƙafafunsa, ga wani dattijo a kan raƙumi da ko kallon motoci ba ya yi. In muna kan gudu motar ba laifi. Abu ɗaya na lura da shi, birki ya yi tauri, sai na danna da ƙarfi kafin ya kama. Na ce a raina zaman da ta daɗe tana yi ne, na ci gaba ina ba Baba labarin gonaki, yana cewa "Ma sha Allah" a taƙaice.

A tudun rage gudu na shiga Boɗinga ta fara nuna hali. Na rage, na haye, na taka totur in ci gaba, sai ta yi wata irin shaƙewa ta mutu. Na sake tadawa, ta tashi tana ɓari, na taka, ta sake mutuwa. Masu babura suka taru a bayana suna ta oda, wani yana cewa a ba namiji tuƙin mana. Na so in nuna masa namijin da ke kujerar baya rungume da ledar burodi, na dai haƙura. A karo na huɗu na lallaɓa ta da rabin kuloci, muka gangara gindin wani dogon yaro inda na hango bakanike.

Kafin ya gama da wata mota muka karya kumallo a nan kusa. Masar Boɗinga ba ta da girma amma tana da auki, da miyar taushe mai zafi, kuma kuɗinta bai kai na cikin birni ba. Abin da ya ba ni dariya albasa ce. A ƙasar da ake loda ta a manyan motoci da rani, yanzu da damina mai ƙosai yanka ta take siriri har kana hango yatsanta ta ciki. Na tambayi kashi ɗaya a wurin wani mai tebur, da ya faɗi kuɗin na ce masa ba gonar na ce ya sayar mini ba. Ya yi dariya ya ce in dawo bayan sanyi, zai ba ni kyauta in na iya ɗauka.

Bakaniken mutum ne mai fara'a, kuma tun kafin ya buɗe bonet ya yanke hukunci: mai ne, an sayar mana da mai ruwa. Ya kwance fulogai ya goge su da buroshi, ya cire matacin mai ya hura, ya buɗe kafireta, wato tukunyar da ke haɗa mai da iska, ya wanke ta da fetur. Da ya haɗa ya tayar, kakkarwar tana nan. Sai ya sa sukundireba ya murɗa wani ɗan noti har silon ya hau sama, injin yana gurnani, ya ce shi ke nan ta warke. Yana rufe bonet ne ya leƙa ta gilashi ya ga wanda ke zaune a gaba. Ya washe baki, ya nufi tagar yana kiran sunan da ake kiran Baba da shi a tasha. Baba ya ja hiraminsa ya rufe fuska, ya yi kamar barci yake. Na ce wa mutumin ba ya jin daɗi ne, muka yi sallama. Wannan ya fi mutuwar motar yi mini ciwo.

Gyaran bai kai mu ko'ina ba. Muna daf da Sifawa na rage gudu saboda garken shanu da ke tsallaka titi. Da suka wuce na taka, ta shaƙe. Daga nan kuma ta kafe. Tana tashi, ta yi ta ɓari a tsaye, amma da na taɓa totur sai ta mutu. Na gangarar da ita gefe, kusa da wata gonar gero, birkin nan kamar ina taka dutse.

Muna nan wayar yayana ta yi ƙara. Daga ƙauye ne. Aka ce Gwaggo tun jiya ba ta karɓi ko kunu ba, kuma duk abin da ya wuce a waje sai ta tambaya ko mota ce. Yayana ya kashe waya ya ce magana ta ƙare, za mu tsayar da motar haya, wannan a bar ta a nan a zo a ja ta daga baya. Gaskiyarsa ce, ni ma da haka zan ce in ban san mahaifina ba.

"Ku tahi ku biyu," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ku gaishe ta. Ni ina nan cikin motata har a zo a jawo mu gida."

Yayana ya yi magiya, ya kawo misalai, har ya ɗan ɗaga murya sannan ya ba da haƙuri. Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Yayana ya koma gefe yana karanta dalilan mutuwar inji a wayarsa, ya samo wajen goma sha biyu, kowanne ya fi na baya tsada. Ni kuwa ina zaune riƙe da sitiyari, na tabbata in Baba ya juya daga nan, shi da Gwaggo sai dai a lahira. Tsoro ya kama ni, da haushi, haushin motar da na Baba da na kaina. Na juya na ce masa ni ban iya gyara ba, tuƙi kawai ya koya mini. Na ce ina da ido amma ban san abin da zan duba ba, shi kuma tun a gida na ga ya ji wani abu. Na ce, "Baba, don Allah ka ara mini kunnenka, ni in ara maka idona."

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Uwata, ƙaƙa birkinki tun da sahe?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma rabon da in ji sunan a bakinsa na manta. Na ce ya yi tauri. Ya gyaɗa kai, ya sa carbi a aljihu, ya buɗe marfi ya fita.

Ban kama hannunsa ba, bai kuma nema ba. Ya bi jikin motar da tafinsa har gaba, ya zura yatsa ya saki maƙalin bonet a taɓawa ɗaya, abin da ni sai na yi ta lalube. Ya jira injin ya ɗan huce, ya ɗora hannu a kansa, ya shafa, ya murza yatsunsa biyu. Babu maiƙo, babu ƙura.

"Wa yaw wanke ta?"

Na ce ni ce. Na faɗi dalilina ina kallon ƙasa, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce to, mu bi ta daki-daki. Inji abu uku yake ci, mai da wuta da iska, kuma ba a zargin ɗaya sai an wanke sauran biyun.

Da mai muka fara. Ya sa na cire murfin da ke saman kafireta, ya kama ɗan ƙarfen totur da hannunsa ya ja, ya ce in leƙa ciki in faɗi abin da na gani. Na ce na ga fetur ya yi tsartuwa, siriri, mai ƙarfi. Ya sake ja, ya sake fitowa. Ya sa na ɗiga kaɗan a tafinsa, ya shinshina, ya bar shi ya bushe, babu ɗigon ruwa da ya rage. Ya ce mai ba shi da laifi, an yi wa masu gidan mai ƙazafi a banza.

Sai wuta. Ya ce mai yiwuwa ruwan wankina ya shiga wayoyin fulogi. Na tada motar na bar ta tana ɓarinta, na dawo na tattare hannun rigarsa na riƙe gam don kada fanka ta kama. Ya ce a zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya: in an zare waya injin ya ƙara lalacewa, to wannan fulogin yana aiki, wanda aka zare ba a ji bambanci ba, shi ne matacce. Yayana ya ce wannan kam aikin maza ne, ya ajiye waya ya kama ta farko da hannu tsirara. Tsallen da ya yi, da salatin da ya saki, sai da wata mai nono da ke wucewa ta tsaya. Baba ya ce, "To, wagga kam da wuta." Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa. Sauran ukun da tsumma aka zare su, kuma duk huɗun suna aiki.

Ya rage iska. Baba ya kawo tafin hannunsa ya rufe rabin bakin kafireta. Abin mamaki, nan take kakkarwar ta lafa, ƙarar ta daidaita, motar ta koma muryarta ta da. Ya ɗauke hannu, ɓarin ya dawo. Ya maimaita don in ji da kyau, sannan ya yi mini bayani yadda yake yi ina budurwa. Mai da iska awo gare su, kafireta ce ke auna su. In an toshe mata baki ta ji daɗi, to iska ta yi mata yawa, kuma ba ta ƙofa take shigowa ba, akwai inda take satar hanya. Haɗin ya tsinke ke nan, shi ya sa take ɓari a tsaye, in kuma an taka totur aka ƙara buɗe wa iska, man ba ya isa, sai ta mutu. Bakaniken Boɗinga da ya ɗaga silo rufe ciwon kawai ya yi. Taurin birki kuma shi ne mai nuna wurin, domin akwai tiyon roba da ya taso daga inji zuwa gangar da ke taimaka wa birki, kuma da zuƙar inji take aiki.

Ya ce mu yi shiru. Muka yi. A ƙarƙashin ƙarar injin, can ta baya kusa da gilashi, na ji wani siririn tsaki da ba ya yankewa. Ya ce in kashe ta.

Na kashe. Ya bi tiyon da yatsu a hankali, ya tsaya, ya ci gaba, kamar ba ya so ya isa. Da ya kai inda tiyon ya lanƙwasa, sai ya zaro wani ɗan tsumma da ke reto, rabi a kwance rabi a maƙale. A ƙarƙashinsa robar ta tsage, tsagar ta kai tsawon gaɓar yatsa. Ya riƙe tsumman a tafinsa yana shafawa da babban yatsa.

"Uwata, wane launi na?"

Bayansa baƙi ne ƙirin, amma feshin masu wanki ya buɗe ninkin, kuma cikin yana nan da kalarsa. Na ce kore ne, da ƙananan furanni rawaya. Ina faɗa na gane shi. Ɗankwalin atamfar sallar Inna ne, wanda muka daɗe muna tsokanarta cewa ɓera ya ci masa gefe ɗaya.

A tsaye a bakin gonar nan ya ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba. Shekara shida da suka wuce, suna dawowa daga gaishe da Gwaggo washegarin salla, tiyon ya tsage a wannan hanya, ga shi duk masu gyara suna hutu. Ya shafe tsagar da sabulu ya naɗe da leda, ya rasa abin ɗaurewa. Kafin ya juya Inna ta keta gefen sabon ɗankwalinta ta miƙa masa. Ya yi niyyar sayen sabon tiyo da sun isa gida, amma ta hana. In suna su biyu sai ta ce masa ita ta gyara motar nan, in ya canja to ya raina aikinta. Yakan ƙara matse ɗaurin lokaci-lokaci, maiƙo da ƙura suka bi suka toshe shi ya zama kamar fata. Bayan ta rasu kuma bai iya cirewa ba. Dokar hana ruwa ta daɗe, amma tun daga ranar ya tsananta ta. Sai a lokacin na fahimci cewa tun tsakin farko da asuba ya san inda ciwon yake. Bin mai da wuta da muka yi gaskiya ne, haka ake bincike, amma ina jin har da jinkirin isa wurin da ba ya son taɓawa.

Na ba shi haƙuri ina kuka. Ya ce in bari, da ban wanke ba da bai sake jin launinsa ba. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihun gaba, wurin carbi.

Kayan gyara duk a tsarabar Gwaggo muka same su. Aka ɓare sabulu ɗaya, Baba ya murza shi da ɗan ruwa ya cike tsagar. Yayana ya sadaukar da ledar burodi aka naɗe. Ya kawo hankicinsa, Baba ya taɓa ya ce santsi gare shi, ba zai riƙe ba. Ni kuma na sa hannu ta ƙarƙashin hijabina na zaro ɗankwalina, na kama gefen da haƙori na keta. Ban yi tunanin ƙarar ba. Baba ya ji ta, ya kau da kai wajen gonar. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa, ya naɗa, ya ƙulla da yatsun da ba su manta komai ba.

Na tayar. Saboda notin da aka murɗa a Boɗinga sai ta hau gurnani. Baba ya karɓi sukundireba, na kai masa bakinta kan notin, ya rinƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, kansa a karkace, har ƙarar ta sauko ta kwanta lumus. Ya ce in taka. Na taka, ta amsa. Na sake takawa da ƙarfi, ta amsa har geron gefen hanya ya kaɗa da hayaƙin salansa. Birki ma ya yi laushi. Yayana ya yi kabbara ya rungume Baba, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

Duk da haka a hankali muka tafi, domin Baba ya ce ɗaurin tsumma ba abin da ake gudu a kansa ba ne. Ba mu tsaya a Shagari ba sai don sayen masara gasasshiya ta taga. Garin a cike yake, teloli a bakin shaguna suna ta taka keke, masu kifi suna kiran ciniki. Daga inda muka bar kwalta hanya ta zama jar ƙasa da kududdufai. A nan Baba ya karɓi jagoranci. Daga yadda taya ke faɗawa yake gane wuri, ya ce in riƙe dama akwai yashi, in sa giya ta biyu kafin kwari, kada in tsaya a tsakiyar ruwa. Sau ɗaya kawai ya yi kuskure, inda ya ce akwai tsamiya a hagu, na ce an sare ta. Ya yi tsaki ya ce mutanen yanzu ba su da ta ido.

Azahar ta gota muka isa. Baba ya sauko, kuma da kansa ya nemi kafaɗata ya dafa, a gaban kowa. Gwaggo tana kwance a kan tabarma a ɗakinta, ta rame har na tsorata, amma idonta tar. Kafin mu gama sallama ta ce, "Auta, tun daga bakin tabki nij ji motakka. Nic ce musu kai na, sunka ce babur na." Ya durƙusa ya lalubo ta, ta kama hannunsa da nata biyu, ta juya shi, ta shinshina, ta ce warin fetur yake, ashe bai bar halinsa ba. Ta tambayi wanda ya tuƙo shi.

"Uwata tat tuƙo, Adda," in ji Baba. "Amma ni nig gyara."

Aka kawo kunu. Ta ce ba ta sha sai a hannunsa. Ya ɗebo a ludayi, bai san inda bakinta yake ba, sai ta riƙe wuyan hannunsa ta kai da kanta. Haka suka yi har ta sha ludayi biyar. Ni da yayana muka fito waje muka bar su, muna jiyo su suna gardama a kan wata akuya da ta ɓace tun kafin a haifi iyayen wasu da ke tsakar gidan.

Bayan la'asar muka kamo hanya. A Shagari Baba da kansa ya ce mu tsaya a sa sabon tiyo, domin birki ba a yi masa kara. Ya fito ya tsaya a kan mai gyaran yana gaya masa girman da zai yanko. Wasu direbobi biyu suka gane shi, suka zo suka durƙusa. Bai rufe fuska ba, har ya tambayi ɗayansu ko ya daina cin kuloci. Ƙyallena da aka kwance ya karɓa ya haɗa da na Inna a aljihu. Muka shigo Sakkwato ana kiran magariba, motar ta yi jawur da laka, ba wanda ya yi maganar wanki.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ta fuskar mota, ba shi da yawa amma zai amfane ku. In inji yana ɓari a tsaye, yana mutuwa in an taka, kada a tsaya kan zargin mai, a bi wuta, a bi iska, a kuma saurari birki. A daina feshe tsohon inji da ruwa. Ta ɗaya fuskar kuwa, shekara uku muna yi wa Baba komai, muna kai masa ruwa har baki, muna ganin kulawa ce. Babu wanda ya tuna ya nemi wani abu a wurinsa sai da mota ta tilasta mini a bakin gonar mutane. Wannan laifin namu ne, kuma ya fi na wankin inji girma.

Kwana tara da dawowarmu aka bugo waya da hantsi, Gwaggo ta cika. Ni na shiga na gaya masa. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya daɗe yana shafa bayan hannunsa na dama. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ta riƙe shi." Ya miƙe ya lalubo hularsa, ba tare da kowa ya lallashe shi ba, ya ce, "Uwata, tada mota, mu tahi mu kai Adda."